Tabarau Biyar Da Na Sayar Wa Aminin Mahaifina

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, haifaffen Gangare a cikin Jos, maraya, mai zaƙin baki da son saka kaya. Haƙar kuza ce ta kawo kakana garin nan, mahaifina ma a ramin kuza ƙarfinsa ya ƙare, tari ya kama shi ya rasu ina aji biyar na firamare. Daga nan karatuna ya tsaya. Na yi dako, na yi yaron mota, na yi tallan agogo, kafin Allah ya haɗa ni da wani ɗan kasuwa da ke saro tabarau daga Legas yana rarraba wa masu tebur. Shi ya koya mini sana'ar, shi nake kira oga. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ina da teburina a bakin hanya kusa da babbar kasuwa, da akwatin gilashi, da madubi, da bencin da mutum uku za su zauna. Ina neman aure, ina kuma mafarkin sayen babur. Ban taɓa ɗaukar kaina macuci ba, kuma da wani ya kira ni haka a lokacin, da sai an raba mu.

Sai na fara bayyana yadda sana'ar take, don kada a ga kamar ni kaɗai na ƙirƙiro ta. Tabarau na karatu a kwali yake zuwa, dozin-dozin, kowanne cikin leda da 'yar takarda manne a jikin gilashin mai nuna lambarsa. Har da kuɗin mota, ɗaya ba ya kai naira guda a hannuna. Ni kuwa naira goma nake sayarwa, ko sha biyu, ko sha biyar, gwargwadon takalmin da na gani a ƙafar mai saye. Oga ya koya mini in ɓamɓare 'yar takardar nan, in jefar da ledar, in saka tabaran cikin gida mai karammiski, in ciro shi a hankali kamar ƙwai in goge da ƙyalle a gaban mutum. Ya ce in riƙa saka farar riga, in ajiye tocila in haska idon mutum ina gyaɗa kai, in miƙa masa kwali mai rubutun boko da ajami ya gwada karantawa. Cikin wata biyu mutane suka laƙaba mini Dakta, ban kuma hana su ba. Shekarun nan kuɗi ya shigo hannun ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma babu wanda ya san ainihin kuɗin abin balle ya yi gardama. Gaskiya ne kuma da yawa sun amfana. Na ga malamin da ya koma karatun Alƙur'ani bayan ya daina, na ga tsohuwar da ta koma tsintar acca da kanta. Da irin waɗannan nake lallashin zuciyata duk ranar da ta motsa.

Akwai wani dattijo a layinmu, aminin mahaifina tun suna yara, wanda zan kira Baba kamar yadda na saba. Tela ne, amma ba a keke sunansa ya fita ba, a aikin hannu ne. Surfanin wuyan babbar riga da ya fito daga zaurensa, ko a cikin taro ana gane shi. Bayan rasuwar mahaifina babu sallar da ta zo bai ɗinka mini kaya ba, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Ba ya auna ni da tef, da taƙin hannunsa yake awo, yana cewa na ƙara tsawo kamar rake. Allah bai bar masa ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata biyu suna aure a nesa, daga shi sai matarsa da muke kira Inna. A gidansu na ci ɗumamen da ya fi na gidanmu yawa. Da na fara neman aure kuwa, shi ya shige gaba a matsayin uba, shi ya kai gaisuwa, shi ya yi magana da iyayen yarinyar.

Wata safiya da damina, ana yayyafin nan na Jos mai shiga ƙashi, sai ga Baba a gaban teburina da allura da zare a soke a hularsa. Ya ce kwana biyu sai ya yi ta fama kafin ya zura zare, har Inna ta fara yi masa tsiya. Na zaunar da shi, na yi duk abin da na saba yi, har da tocilar. Na saka masa tabarau mai ƙaramar lamba, ya ɗaga allurar, zaren ya shige a gwaji ɗaya. Dariyar da ya yi ranar har yanzu ina ganin giɓinsa. Sai ya tambayi kuɗi. Wallahi abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce ya bar shi. Amma akwai mutum biyu a bencin suna jiran layi suna saurare, kuma a makon nake haɗa kayan lefe. Na ji kaina ina cewa sha biyu ne, amma shi ya ba da goma. Ya kwance lalitarsa ya biya, ya riƙe hannuna yana sa mini albarka saboda ragin da na yi masa. Daga nan ya bi layi yana nuna wa tsararrakinsa, yana cewa ɗansa ya zama likitan ido. A cikin wata guda ya turo mini tsofaffi sun kai goma.

Da abin ya tsaya a nan, da ƙila na manta da shi kamar yadda na manta da ɗaruruwa. Bayan wata huɗu Baba ya dawo ya ce tabaran ya gaji. Na ba shi lamba ta gaba, ya biya. Bayan wasu watanni ya sake dawowa, na ba shi na uku. A wannan zuwan ne ya yi mini bayanin da ya kamata ya tsayar da ni. Ya ce ba kafar allura ce ke ba shi wahala yanzu ba, ita yana ganinta sarai. Abin da ke damunsa shi ne ba ya ganin mutum sai ya zo gabansa sosai, ya sha yin karo da bakin ƙofa ta hagu, kuma idan an kunna fitila yakan ga wani zobe mai launi-launi ya kewaye ta, ga ciwon kai ta gefe guda. Ban san sunan ciwon ba, amma na san abu ɗaya da oga ya gaya mini tun ranar farko: kayanmu ba sa maganin komai, ƙara girman abin da ke kusa kawai suke yi. Na san wannan ya fi ƙarfin teburina. Duk da haka na ce masa hasken rana ne ke dukan idon, na ɗauko baƙin tabarau irin wanda direbobi ke saye, na ce na musamman ne daga ƙasar waje. Na huɗu ke nan, kuma shi ya fi tsada. Daga baya na ji cewa tunkiyar da Inna ke kiwo a bayan ɗaki ita aka kai kasuwa aka biya ni.

Ba zan ce ba a gargaɗe ni ba. Akwai wata mata 'yar Anguwan Rukuba, nas ce a wani asibitin mishan, wadda ta kai wa Baba rigar mijinta ya yi mata aiki. Ta lura da yadda yake juya kai gaba ɗaya kafin ya ga wanda ya shigo zaure, ta tambaye shi wa ke duba masa ido, ya kwatanta mata teburina cikin alfahari. Ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta tako har wurina da farin takalminta, ta jira masu saye suka watse, sannan ta yi magana a hankali da irin Hausarsu. "Oga," in ji ta, "wannan baba, ciwon ido nashi ba na gilashi ba ne. Ka kawo shi asibiti wannan sati. Kai ne yana jin magana naka." Ta gaya mini ranar da likitan ido ke zama, ta ce in tambaye ta a ƙofa za ta shigar da mu. Na yi mata godiya da fara'a, na ce insha Allahu. Tana juya baya na ji haushinta ya cika ni, wai ta zo ta zubar mini da girma a wurin sana'ata.

Washegari da la'asar Baba ya kira ni zaurensa. Ya ce matar nan ta tsorata shi, kuma shi a rayuwarsa bai taɓa kwana a asibiti ba. Ya ji ana cewa can idan suka ga ido wuƙa suke sa masa, kuma ya san wani mahauci da aka yi wa aiki ya dawo da sanda. Ya ce shi dai ba shi da wanda ya san harkar ido kamar ni, duk abin da na ce shi zai yi. Ina zaune a kan buzunsa, ina shan kunun da Inna ta kawo mini. Abin da ya zo mini a rai ba lafiyarsa ba ce. Tunani na yi, idan likita ya ɗauki tabaran nan ya faɗi abin da suke da kuɗin da suke, labari zai bi Gangare kafin magariba, tsofaffin da ya turo mini za su ji, surukaina za su ji, ga biki saura wata biyu. Sai na ce masa maganar mahaucin nan gaskiya ce, ni ma na ji ta. Na ce ya ɗan dakata, akwai sabbin kaya da ke tafe, mu gwada su tukuna, in ba a dace ba bayan biki ni da kaina zan kai shi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce dama ya san ba zan bari a taɓa masa ido ba. Wannan maganar da na yi a zauren nan ita ce laifina. Duk kuɗin da na karɓa ba su kai ta nauyi ba.

Shi ya ɗinka mini rigar angonci. Ya sayi shaddar da kuɗinsa, ya ce gudummawarsa ce, ya hana kowa taɓa ta. Sati biyar yana kanta, ya fito da tabarmarsa bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, hancinsa kusan yana taɓa yadin. Ranar da ya miƙo mini ita, na kai ɗaki na shimfiɗa a kan gado. Ɓangaren dama aikin Baba ne da kowa ya sani, kamar an zana da alƙalami. Ɓangaren hagu kuwa layukan sun karkace, wani wuri zaren ya hau kan wani, wani wuri ya bar fili, har akwai inda ya ci gaba da zare mai wani launi bai sani ba. Na daɗe a tsaye ina kallon rigar nan. Duk abin da nas ɗin ta faɗa ga shi a shimfiɗe a gabana. Abin da na yi shi ne na naɗe ta na kai wa wani tela a can kasuwar Katako inda ba a san mu ba, ya warware hagun ya gyara. Ranar ɗaurin aure Baba ya shafa wuyan rigar da tafin hannunsa, hannun ya ɗan tsaya a ɓangaren hagu, sannan ya ce ta yi mini kyau. A makon nan na kai masa tabarau na biyar, lamba mafi ƙarfi da ke akwatina. Shi ma ya biya.

Biki ya wuce, na sayi babur, maganar asibiti kuwa kullum sai in ce mako mai zuwa. Haka aka ci wata uku. Ran nan da hantsi ina tebur sai wani maƙwabcinmu ya zo ya ce in yi maza, Baba ya faɗi. Ya fita sayen zare, zai tsallaka titi, wani mai kura ɗauke da katako ya taho ta hagunsa yana ta ihun a ba shi hanya. Baba ya ji ihun amma bai ga ta inda abin ke zuwa ba. Katakon ya buge shi ya faɗa cikin kwata, hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Mutane suka ɗauke shi sai asibitin mishan ɗin nan da na yi ta hana shi zuwa.

Na same shi an ɗaure hannun, an kuma wuce da shi wurin likitan ido, don nas ɗin nan ta gane shi tun daga ƙofa. Inna na zaune a gefe da wani kwanon sha a cinyarta, rufe da faifai. Ashe da aka ce mata za a duba ido, ta koma gida ta tattaro tabaran duka biyar, a tunaninta za su taimaka wa likita ya san inda magani ya tsaya. Likitan ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne sama yana dubawa yana ajiyewa a tebur. Da ya zo kan baƙin sai ya tsaya, ya tambaya ta bakin nas ɗin wa ya rubuta wa dattijon nan waɗannan. Ina tsaye a bakin ƙofa da makullin babur a hannuna. Baba ne ya amsa, ya ce shi ya riƙa saye da kansa a kasuwa, babu wanda ya rubuta masa. Nas ɗin ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kanta ga takardar da take rubutu a kai. Sannan likita ya yi bayani. Ya ce ruwan da ke cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiyar gani, kuma abin da ya mutu a jijiyar ba ya dawowa. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, za a yi ƙoƙarin riƙe shi da maganin ɗigawa. Ya ce da an zo shekara guda da ta wuce, ko da wata shida ne, da an tsare masa abin da zai ci gaba da aikinsa.

Na kai su gida a tasi, daga nan na ɓace. Kusan wata biyu ban bi ta ƙofar zauren nan ba, sai in zagaya ta bayan masallaci. Ina zuwa tebur, amma na daina ɗaukar tocilar, kuma duk wanda ya ce mini Dakta sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Kullum ina jiran labari ya fashe a unguwa, bai fashe ba, domin babu wanda ya faɗa. Amaryata ce ta gaji da ganin tuwo na dawowa yadda ta kai shi. Yarinya ce mai kunya, ko sunana ba ta faɗa, amma ran nan bayan na dawo sallar asuba ta zauna a gabana ta ce ba za ta tashi ba sai na gaya mata abin da ke cina. Na gaya mata duka, har da rigar. Ta yi kuka, ba ta zage ni ba. Ta ce mutumin da ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurenta yana can a zaune cikin duhu yana sauraren takun ƙafata, ni kuma ina nan ina jin tausayin kaina. Ta tashi ta dama fura, ta zuba a kwano, ta sa mayafinta, ta ce in shige gaba.

Mun same shi a zaure yana jan carbi da hannun hagu, kekensa a rufe da tsohon zane. Tun kafin in gama sallama ya gane muryata, fuskarsa ta washe, ya matsa mini wuri a kan buzu. Ya ce ya san hidimar sabon gida ce ta riƙe ni. Matata ta shige wurin Inna. Na durƙusa a gabansa na fara magana, na faɗi kuɗin da nake sayen tabarau da kuɗin da na sayar masa, na faɗi abin da baƙin yake. Ya bar ni na kai aya, sannan ya yi murmushi.

"Wannan ai na daɗe da sani," in ji shi. "Tun a na biyu wani ɗan'uwan Innarka da ke zuwa Kano ya gaya mini kuɗinsu a can. Na ce ya yi shiru. Kai maraya ne kana haɗa lefe, in na ba ka kyauta ba za ka karɓa ba. Na ga ta nan ne zan sa hannu a aurenka."

Na ce masa ba shi ke nan ba. Na ce ranar da ya tambaye ni maganar asibiti na san ya kamata ya je, na hana shi don kada asirina ya tonu. Murmushin ya ɗauke. Carbin ma ya tsaya a hannunsa. Inna da matata na tsakar gida suna jin komai.

"Wannan kam ban sani ba," ya ce a hankali. "Na ɗauka kai ma ba ka sani ba ne."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka kamar ƙaramin yaro. Can sai na ji hannunsa a ƙeyata. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ya ce bai ji zafi ba, ya ji, kuma zai daɗe yana ji. Amma ya ce ranar da aka binne mahaifina ya yi alkawari a bakin kabari cewa ba zai bar ni ba, kuma bai sa sharaɗin sai na zama na kirki ba. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Sannan ya ce tunda na zo, in duba kan taga akwai kwalbar magani, Inna hannunta na rawa, rabi a kumatunsa take zubarwa.

Daga ranar ni nake ɗiga masa magani safe da yamma, ni nake kai shi asibiti a bayan babur ɗin nan, ya rungume ni ta baya yana cewa in rage gudu. Hannun ya warke amma bai koma surfani ba. Ɗan ganin da ya rage ya ishe shi ya gane fuska idan an matso, ya kuma kai kansa masallaci ta bin bango. Wani lokaci yakan sa in kawo masa rigunan da matasan teloli suka yi, ya bi aikin da yatsa ya faɗi inda aka yi ha'inci, ba ya kuskure. Da aka haifa mini 'yar fari, shi ya yi mata huɗuba, ya kawo fuskarta dab da idonsa na dama ya daɗe yana kallo, ya ce goshin mahaifina ne. Shekara huɗu ya yi a haka Allah ya karɓi abinsa. Inna kuwa ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, tana karɓar gaisuwata, tana cin abincin da matata ke aika mata. Sai bayan ta fita takaba na samu ƙarfin halin neman gafararta. Ta ce abin da ya shafi dukiyarta ta yafe tun tuni, amma idon ba nata ba ne balle ta yafe shi, kuma ita ce ta ga yadda yake zama da rana tsaka yana juya allura a hannu. Ban ga laifinta ba. Na ci gaba da hidimarta har ita ma ta bi shi.

Ban bar sana'ar tabarau ba, da ita na ciyar da iyalina har na tsufa, kuma ban daina cin riba ba, don ciniki halal ne. Abin da na bari shi ne farar riga da tocila da sunan da ba nawa ba. Na daina ɓamɓare 'yar takardar lamba daga jikin gilashi, na rage kuɗin zuwa abin da zan iya faɗa a gaban kowa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Oga ya ce na haukace, muka rabu. Abin da na fahimta, wanda shi ya sa na rubuto, shi ne riba mai yawa irin wannan ba a aljihu take tsayawa ba. Idan abin naira ɗaya kana sayar da shi goma, ba kayan kake sayarwa ba, rashin sanin mai saye kake ci. Daga nan sai ka wayi gari kana tsaron rashin sanin nan kamar gonarka, kana jin haushin duk wanda zai wayar masa da kai, ko da lafiyarsa ce a ciki. Ni ban tashi da niyyar makantar da kowa ba. Naira goma kawai na faɗa a gaban mutum biyu, sauran duk kare wannan goman nake ta yi.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu tebur da masu shago, musamman masu sayar da abin da ya shafi jikin mutum, tabarau ne, ko man shafawa, ko maganin ƙarin jini, ko na ciwon baya. Ku ci ribarku, amma ranar da mai saye ya faɗi abin da kuka san ya fi ƙarfin kayanku, ku ce masa ya fi ƙarfinku, ku nuna masa hanya, ko da cinikin ranar zai tafi. Ku kuma masu saye, kada kunya ko sabo su hana ku tambaya a wuri na biyu. Wanda kuka fi yarda da shi ma mutum ne, yana da buƙata, yana da tsoro. Idan kuna da tsoho a gida da ya fara laluben hanya, kada ku tsaya a bakin titi, ku kai shi inda za a duba cikin idon.

Ni an yafe mini, da baki aka faɗa, da kunnena na ji. Amma na zauna shekara huɗu kusa da wanda ya yafe ɗin, na kuma ga cewa yafiyar ba ta dawo masa da ganin ko zare ɗaya ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa wani tsohon tela na Gangare a addu'a. Allah ya san sunansa.